Takardun bursun autar kawu

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya iyali, yaya zaman Amurka? Mu nan Maraɗi lafiya lau, damina ta zauna, gero ya fara fidda kai.

Wata rigima ce ta taso a gidanmu, na ce bari in sako ka ciki. Autar kawu Alhaji ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, da maki mai kyau, za ta shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yarinya ta haɗa takardunta tsaf za ta nemi bursu, wato tallafin kuɗin karatu, wajen ANAB, hukumar da ke rabon bursu a nan Nijar, kawu ya ce allambaram. Ina zaune a zaure ya ɗaga takardun da yatsu biyu kamar ya tsinci tsumma, ya ce, "Ni 'yata ta bi layi? Gobe a kasuwa a ce na karye?" Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

Ka san ni da baki. Na ce, kawu, bursu ba sadaka ba ce, guminta ne, ita ta kwana kan littafi. Sai ya juya zance, wai tausayin 'ya'yan talakawa yake ji. To, nan ya ɗan kama ni. Akwai wani yaro daga wajen Dakoro da ke kwana a shagon maƙwabcina, karatu yake a jami'ar. Rannan da azahar na tarar ya jiƙa gari a kofi, ya marmasa ƙuli-ƙuli ɗaya a kai, kalacinsa ke nan har dare. Idan neman da za ta yi zai ture irin wannan yaro, ni ma ba na so. Shi ya sa na raba abin biyu. Wanda ake bayarwa don ƙoƙarin ɗalibi, ta nema. Wanda aka ware don marasa hali, ko kusa kada ta je.

Abin da ban iya faɗa masa a ido ba shi ne, gidan ba kamar da ba ne. Tun rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019, ga takunkumin 2023 ya biyo baya, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta daina kawo abin da ta saba. Motocinsa biyu na nan jibge, tayu sun sace. Mata uku, 'ya'ya sun haura ashirin, ban da masu zuwa cin tuwo. Daga waje kam Alhaji ne, babbar riga na shan sitati. Amma dukiyar uba ai ba ta ɗa ba ce, musamman 'ya mace da za ta riƙa miƙa hannu kullum don kuɗin kabu-kabu da na hotokofi.

Na tuna ka ce can ko masu hali suna cika FAFSA, takardar neman tallafin karatu, hukuma ta duba ta yanke. Na kuma ji jami'ar Harvard, daga 2025, ba ta karɓar kuɗin karatu daga gidan da samunsa bai wuce dala 200,000 a shekara ba. Da na gaya wa kawu, dariya ya yi, ya ce in haka ne talakan Amurka ya fi sarkinmu.

Don Allah ka kira shi ranar Juma'a bayan la'asar, yana jin maganarka fiye da tawa. Kada ka nuna ni na turo ka. Takardun suna wurina, na ɓoye su cikin akwati kafin ya sa a hura wuta da su.

Ka gaishe da uwargida da yara. Inna na tambaya yaushe za ka zo.

Naka,
amininka na Bagalam