Wasiƙa zuwa ga ɗana mai sharhin littattafan 'yan sanda

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mutanen gida duk lafiya lau. Gero ya fitar da kai, sai dai tsuntsu ya hana yara barcin safe. Innarka na tambaya ko ƙullin yajin nan ya iso.

Ƙanenka ya karanta mini sharhin da ka sa a Facebook kan littafin sufeton da ke neman wanda ya kashe wani ɗan kasuwa. Alƙalaminka na da kaifi, na ji daɗi. To amma tun a layi na uku ka faɗi cewa direba ne ya yi kisan. Haba ɗana! Wa ke fara tatsuniya da ƙurunƙus?

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne yabon da ka zuba wa sufeton, mutumin da ya kulle direba kwana biyar yana narka masa kulki har ya amsa laifi. Wanda ake jibga haka, ko Dutsen Dala aka ce ya ɓata zai ce shi ya sace. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a nisan kilomita 40, in babu kwana biyu. Tun 2017 kuma akwai dokar da ta haramta azabtarwa. Marubuci na iya nuna ana yi, ai ana yi ɗin. Amma in ya naɗa wa mai dukan rawanin gwarzo, mai sharhi ne ya kamata ya tanka.

Kana ƙarami aka kwance mana san huɗa cikin dare. Kafin hantsi gari ya gama yanke hukunci kan wani yaron Fulani da ke kiwo bayan rafi, kuma da bakina a ciki, Allah Ya yafe mini. Dagaci ya aika a kira wani tsoho mai bin sawu. Ya tsuguna bakin turke ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya nuna mana da tsinke: kofaton baya na hagu tsagagge ne, mai jan san kuma takalmin taya ne a ƙafarsa, yana ɗingishi. Sawun ya yi arewa, rugar kuwa tana kudu. Ranar Alhamis muka tarar da sanmu a karar Maigatari, igiyarsa a hannun ɗan ƙodagon da ya yi mana noman bara. Har yau in na haɗu da yaron nan, wanda yanzu magidanci ne, sai na sunkuyar da kai.

Da wannan mudun za ka auna kowane littafi: yaya mai binciken ya sani? Ka tuna Suratu Yusuf, inda mai ba da shaida ya ce a duba rigar Annabi Yusuf, ta gaba ta yage ko ta baya. Sherlock Holmes, mai binciken nan na cikin littattafan ƙage da Turawa ke ji da shi tun 1887, aikin tsohon nan yake yi, shi dai da tabarau mai ƙara girma. Shi ba ɗan sanda ba ne ma. A littafin 'yan sanda sai ka duba ko an ɗauki bayanin shaidu, an nemi rahoton likita, an ɗauki zanen yatsa, kuma ko marubucin ya ajiye wa mai karatu sawun da zai bi da kansa, ko kuwa a shafin ƙarshe ya zaro ɓarawo daga aljihu.

In ka sami mai zuwa gida ka ba shi littafin, ina so in ga direban nan da idona. Ka haɗo da maganin ƙafar Innarka.

Mahaifinka.