Barka da Sallah daga Kanada, ga kuma albishir

Guelph, Kanada
Juma'a, 10 ga Zulhajji, 1446

Zuwa ga Baba da Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Da fatan an sauko daga idi lafiya. Kun riga mu da awa biyar, don haka na san yanzu an gama fiɗa, Umma tana kan gyaran kayan ciki, Auta kuma yana ta kewaye murhu yana jiran hanta.

Mu ma mun yi idi, sahu ɗaya da 'yan Somaliya da Larabawa da 'yan Fakistan. Sai dai ba rago a ƙofar gida. Kuɗi ake biya a mahauta, su yanka, mutum ya je ya karɓo namansa a leda kamar ya yi cefane. Ba hutu kuma, ana sallamewa wadda muke ɗaki ɗaya ta ruga wurin aiki.

Albishirinku. Sakamako ya fito, na ci komai. Cikin wannan wata na Yuni za a yaye mu, a ba ni digirin farko a fannin nazarin iyali. Alhamdu lillahi.

Baba, shekara huɗu ke nan kuna bi na bashin amsa. Ranar da takardar gurbin karatu ta zo, kun cire tabarau kun ce, "Wato zaman gida ma sai an haye teku an yi masa digiri?" Kowa ya yi dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Yau zan biya.

Tushen sashenmu wata makarantar mata ce mai suna Macdonald Institute, wadda aka buɗe a 1903, tun kafin a kafa jami'armu ta Guelph kanta a 1964. Matar da ta tsaya tsayin daka har aka buɗe ta, Adelaide Hoodless, jaririnta ne ya rasu a 1889, aka ɗora abin a kan gurɓatacciyar madara. Ta ce rashin sani ne ya ci ta, ta kuma ƙare rayuwarta wajen ganin an koya wa 'yan mata tsaftar abinci da reno. Ashe daga makoki karatun nan ya samo asali.

An koya mana girman yaro daga ciki har balaga, da zaman aure, da tsufa, da abinci, da dokokin iyali. Akwai kuma lissafin ƙididdiga, wanda ya kusa kai ni ƙasa. A bar wannan maganar.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya zana taswirar danginsa har kakanni, namiji da murabba'i, mace da da'ira, aure da layi. 'Yan ajinmu kowa rabin takarda ya ishe shi. Ni sai da na manna takarda huɗu. Matan Malam uku, 'ya'yansu, 'yan riƙo, ga Kawu da ya auri 'yar gwaggonsa, layi ya zagayo ya dawo inda ya fito. Malamar ta nuna Yaya Babba ta ce ɗan wa ne. Na ce Gwaggo ce ta haife shi, Umma ta yaye shi ta riƙe shi, kuma duk wanda ya kira shi ɗan riƙo a gaban Umma zai ji ba daɗi. Alamar da ke littafinsu ta yaron da hukuma ta danƙa wa wani gida ce, saboda nasu gidan ya gagara. Na yi ta bayani cewa mu yaro ana bayar da shi ne don zumunci, wani lokaci ma don girmamawa. Awa guda ajin bai koma kan darasi ba.

Umma, ga naku. Akwai wata masaniya, Mary Ainsworth, da ta yi karatu a Jami'ar Toronto, nan kusa da mu. Duk littafin reno sai an ambace ta kan shaƙuwar jariri da uwa. Ina ta fara gano abin? A Yuganda, a shekarun 1950, tana shiga gidajen ƙauyukan da ke kewayen Kamfala tana kallon yadda uwaye ke yi da jariransu. Ta ga wanda ake saurin amsa kukansa ya fi natsuwa, ya fi ƙarfin halin rarrafawa ya yi nisa ya dawo. Na tuna ku da goyon Auta kuna tuƙin tuwo, ko motsi ya yi kun san abin da yake so. Na rubuta jarrabawa a kan abin da kuke yi da zani da majanyi.

Amma kada in yi muku daɗin baki, karatun ya tona mini abin da muke rufewa. Akwai ciwon damuwa da ke kama mai jego, ta yi ta kuka ba dalili, barci ya gagare ta, wani lokaci ta kasa ko kallon jaririn. Ciwo ne, yana da magani. Ina karantawa na ajiye littafin, don matar Yaya na gani bayan haihuwarta ta fari. Muka ce iska ce, wasu suka ce shagwaɓa. Da na san abin da na sani yau, da asibiti zan ja ta, ana addu'a ana magani. Har yanzu abin yana ci mini rai. Duk da haka na ga gatan da take da shi: kwana arba'in ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunu, ɗaki bai taɓa zama ba mutum ba. A nan gwamnati tana biyan uwa wani kaso na albashinta ta yi shekara a gida, har wata goma sha takwas idan ta zaɓa, amma na ga wadda ta yi jego ita kaɗai a bene, ƙanƙara ta rufe gari, ba mai cewa sannu.

A aikin gwaji da na yi a wata cibiyar baƙi, mafi wuya shi ne maganar duka. Tun hukuncin kotun ƙoli na 2004, ba a taɓa yaro da bulala ko bel, ba mari, ba a kuma dukan wanda bai kai shekara biyu ba ko ya wuce goma sha biyu. A nan jiharmu ta Ontario duk wanda ya yi zargin ana cutar da yaro dole ya kai rahoto. Wani dattijo ɗan Afirka ta Yamma ya ce mini, "To 'yata, da me zan yi tarbiyya?" Na ce masa ni kallo ɗaya mahaifina yake yi mana, kowa ya shiga taitayinsa. Baba, da ku na kafa hujja.

Bayan biki zan nemi takardar izinin aiki da ake ba waɗanda suka gama karatu, in Allah ya yarda in ci gaba da aiki da iyalan baƙi. Sauran shawara sai mun yi magana.

Umma, don Allah idan Hajiya Kaka ta huta da baƙi a tambayar mini sunayen 'yan'uwan mahaifiyarta na Katsina, reshen nan har yanzu fanko ne a taswirata. A gaida Gwaggo da Kawu da Yaya da iyalinsa. Gobe ƙarfe huɗu na yammarku zan kira ta bidiyo, a nuna mini kaskon suya. Kasona a ba Auta, amma ya ajiye wa Hajiya Kaka mai taushin.

Wassalam,
'Yarku ta Kanada