Zuwa ga Gwamnan Jihar Tawa, a kan kuɗin gidauniyoyin agaji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a kan gidauniyoyin agaji da ke shigowa jiharmu da niyyar tallafa wa ilimin yara da buɗe wa jama'a hanyar samun abin kai. Niyya ce mai kyau, babu mai ja. Amma tunda ofishinka suke fara sauka kafin su nufi ƙauye, kai ke da bakin nuna musu inda ciwon yake.

A takardunsu ilimi shafinsa daban, sana'a shafinta daban. A gidajenmu kuwa tukunya ɗaya ce. Manomin albasa a Galmi ko Madawa yana cire amfaninsa cikin bazara, lokacin da kowa ya cire, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Ya san in ya jira wata huɗu ko biyar kuɗin zai ninka, sai dai bashin taki da na man injin ban-ruwa ba su jira. Ko ya daure ya zuba a rudu, wato rumbun albasa na gargajiya, zafi da damshin damina su ruɓar masa da kaso mai yawa. Sai ya sayar da arha, ya ɗauki jakarsa ya tafi bida Abijan ko Libiya. Wanda zai riƙe garka da awaki a bayansa shi ne yaron nan da aka rubuta sunansa a lakwal. Gidauniyar da ta raba wa yaron littafi da alli, ta bar ubansa da ruɓaɓɓiyar albasa, ba ta riƙe shi a aji ba.

Sai maganar ajin kansa. Rumfar kara ba ta tsayuwa sai an girbe hatsi an samu kara, ga shi ana buɗe lakwal tun Oktoba. Ruwan farko kuma shi ke sallamar yara. Ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021 ba, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a Nuwambar shekarar, duka a irin waɗannan rumfuna, duka ƙananan yara suka ci. Ga simintin Malbaza a cikin jiharmu, ga maginanmu na zaune.

Roƙona, ranka ya daɗe, duk gidauniyar da ta zo, a tambaye ta nawa ne zai ƙare a otal wajen taron ƙara wa juna sani, nawa ne zai zama bango da rufi da ma'ajiyar albasa mai shan iska. Taro ba laifi ba ne, amma mun ga alluna da yawa a bakin hanya waɗanda suka fi aikin da suke shela daɗewa. A tambaye ta kuma wa zai gyara famfo ranar da motocinta suka koma Yamai.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya ya kama ƙasa ne saboda mutanen wurin, galibi mata, su suka ɗauki duwatsun da kansu suka tare zaizaya. Asusun Mata Masu Dubara da ya faro a Maraɗi a 1991 ya bazu har wasu ƙasashe, kuma kuɗin da ke cikin akwatin na matan ne. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan a ƙauyukanmu, tare da kwamitin iyayen yara na kowace lakwal. A zaunar da su tun ranar da ake tsara kasafi, kada a kira su sai ranar yanke ƙyalle.

Muna kuma roƙon a riƙa liƙa a ofishin kowane magajin gari sunan gidauniya, aikin da ta ɗauka, kuɗinsa da ranar gamawa, a karanta shi da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon karkara.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani tsohon malamin lakwal, Madawa