Godiya ga ofishin hayar kwale-kwale na tsibirin Farasan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a don 'yan uwanmu Hausawa na Jidda da Makka da Jizan su san akwai inda ake karɓar baƙo da mutunci.

Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ta Saudiyya ya san yadda ake yi mana a wasu wuraren. Kafin a amsa maka sallama an tambayi igama, wato takardar izinin zama. Ka ce tsuntsaye ka zo kallo, a bi ka da ido sama da ƙasa, wai me ya haɗa Takari da kallon tsuntsu. Wani ofishin da muka fara shiga a Farasan, tsibirin da ke cikin Bahar Maliya, ba zan kama suna ba, mai shi bai ko ɗago daga wayarsa ba ya yanka mana kuɗi ninki biyu na wanda ya faɗa wa mutanen da ke gabanmu. A gaban 'ya'yana. Har uwarsu ta ce mu haƙura mu koma, tunda dai babban jirgin da ke zuwa daga Jizan kyauta ne, ba a yi asarar komai ba.

A wurinku farashi na manne a bango, aka ba yara rigunan ruwa, shi ke nan. Wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dattijon da ya tuƙa mu. Da na ce masa, "Baba, tsuntsaye muke so, ba yawo ba," sai ya yi murmushi ya ciro tsohon madubin hangen nesa daga ƙarƙashin kujera, ya goge da gefen rawaninsa, ya miƙa wa ƙaramar 'yata. Muna shiga dajin Kandal, inda bishiyoyi ke tsirowa a cikin ruwan teku, ya kashe inji, ya bar ruwa na jan mu a hankali tsakanin saiwoyi. Ga kwasakwasa zaune a kan rassa, ga zalɓe, ga shahon nan mai kamun kifi wanda a tsibiran nan har a ƙasa yake gina sheƙarsa. A samanmu kuwa tsattsewa ke wucewa jefi-jefi, sun baro Afirka sun nufi arewa, don Afrilu lokacin komawarsu ne, kuma Bahar Maliya na kan hanyarsu.

Shi ya ba mu labarin wani shaho mai launin toka da ke tahowa tun daga Madagaska. Ba ya gaggawar yin ƙwai, sai ƙarshen zafi, yadda ƙyanƙyasarsa za ta dace da dawowar ƙananan tsuntsaye daga arewa, ya riƙa cafke su yana ciyar da 'ya'yansa. Ikon Allah! Mun zarce lokacin da muka biya, bai nemi ƙarin ko riyal ɗaya ba.

Hukumar UNESCO ta sanya Farasan cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu a 2021, amma wasu matuƙan kamar ba su ji ba. Muna tsaye wani ya keto da gudu, kiɗa na tashi, fasinjojinsa na jefa robobin ruwa, tsuntsayen suka watse gaba ɗaya. Irin wannan ya zama ruwan dare a gaɓar teku da yawa: a karɓi kuɗinka, a zagaya da kai a guje, a sauke ka. Wa zai tsawata musu?

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
wani mazaunin Jidda