In za a ɗauki hoton iyali a gida, a bar gidan yadda yake

Ya Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in faɗi abin da ya same ni, ƙila wata ta huta da wahalar da na sha a banza.

Watannin baya muka kira mai hoto gida, ba irin wanda zai jera ku a falo ya ce kowa ya kallo nan ya yi murmushi ba, a'a, irin wanda zai zo ya wuni da ku kuna harkokinku shi kuma yana ta ɗauka, yaro na kuka ana ɗauka, ana wanke-wanke ana ɗauka, babu tsaya nan babu ɗago haɓa. Toh ni da ban gane kan abin ba sai na kwana biyu ina goge-goge, na kwashe kayan wasan yara na cusa ƙarƙashin gado, na sa wa kowa kaya kala ɗaya, na kuma ja musu kunne cewa duk wanda ya ɓata rigarsa zai gamu da ni. Da hotunan suka fito wallahi kamar gidan wasu nake kallo. Tsaf-tsaf dai, amma ba mu ba ne. Autata tana tsaye ƙiƙam kamar an dasa ta, yarinyar da ba ta iya minti ɗaya a waje guda. Kuma laifin nawa ne, don tun a waya bawan Allah ya ce kar in gyara komai, na ɗauka kara yake min.

Wannan sandarewa gaban kyamara fa tana da asali. Lokacin da aka fito da fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sai mutum ya daɗe bai motsa ba kafin hoton ya kama, har wani ƙarfe ake kafawa a bayan ƙeya ya riƙe kai. Kyamarar ta canja tuni, mu ne ba mu canja ba. Tun 1925 da ƙaramar kyamarar Leica ta shigo kasuwa aka ƙara samun sauƙin ɗaukar mutane suna cikin motsi, kuma shahararren mai hoton nan Bafaranshe, Henri Cartier-Bresson, har baƙin tef yake liƙawa a inda kyamararsa ke ƙyalli don kar a lura da shi, filasha kuwa ba ya son ta sam. Irin aikin da mai hotonmu ya zo yi ke nan, ni kuma na tare shi da gida kamar za a yi baƙi.

Da muka sake kiransa karo na biyu sai na gane shirin na gaskiya ba a kan tsintsiya yake ba. Babban abu haske ne. Kafin ranar ki zagaya gidanki ki lura wane ɗaki rana take shiga da safe, wanne da yamma, ki faɗa masa, ranar kuma a ɗage labule a buɗe taga. Dalili shi ne yaro mai gudu sai kyamara ta ƙifta da sauri sosai, kamar kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, kafin ya fito ras, kuma saurin nan haske yake ci, in ɗakin da duhu ko dai hoton ya yi dishi-dishi ko ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Wani abin da ban taɓa sani ba, wai ashe ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa in ya haɗu da hasken taga ɓata kalar fata yake, rabin fuska ja-ja rabi shuɗi-shuɗi, shi ya sa yana shigowa ya roƙi a kashe ƙwayayen ɗakin da rana ke shiga. Na yi ta mamaki, mai hoto da kashe wuta.

Sai lokaci. Kar a ba shi rabin awa a ce ya yi sauri, don mu kam rabin awar farko duk a kallon kyamara ta tafi, yara na gwalo suna leƙa gilashin, babansu na ta gyara zama. Sai da suka gaji da shi suka manta yana nan sannan aiki ya fara. A zaɓi lokacin da gidan yake da rai, tashi daga barci, shirin makaranta, ko yamma da kowa ya dawo, a kuma yi abin da aka saba yi. In ba ku taɓa zama ku karanta wa yara littafi ba to kar ranar a fara don hoto, fuskarsu za ta tona ku. Waya kuma a ajiye ta, in ba so kuke albom ya cika da ƙeyar mutane a sunkuye ba.

Abin da na fi so masu karatu su riƙe shi ne maganar iyaka, a yi ta tun kafin ya zo, in da hali a rubuce. Wane ɗaki ne ba a shiga, yaro in ana masa wanka ko canjin kaya a dakata, wanda ba ya son a ɗauke shi a gidan a ƙyale shi ko da yaro ne. Sannan a tambaya ƙarara, hotunan nan zai sa su a Instagram ko Facebook don tallar aikinsa? In ba ku yarda ba ku faɗa tun wuri, don abin da ya hau intanet ya fi ƙarfin a dawo da shi. A tambayi hoto nawa zai bayar, yaushe, kuma in sun zo kar a bar su a waya ɗaya, a adana a wuri biyu, a wanke wasu a takarda.

Gyara kam ban ce a bar ƙazanta ba, ki share kamar kullum, ki ɗauke takardun da ke da lambar asusu ko adireshi daga kan tebur, shi ke nan. Kaya kowa ya sa wanda yake sakewa a ciki, sai dai a guji mai manyan rubutu a ƙirji don shi ido zai fara kamawa.

Wanda na manna a bango yanzu, autar ce ta sa takalmin babanta tana jan ƙafa, yayanta na bayanta ya buɗe baki yana dariya da giɓinsa, ni kuma ga ni can gefe da kwandon wanki ban ma san ana ɗauka ba. Haƙoran nasa har sun fito yanzu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
wata uwar yara uku mai bibiyar shafin nan