Tattabara Tana Jin Girgizar Ƙasa, Amma Ba Ta Duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan maganar nan da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai tsuntsaye da karnuka suna sanin girgizar ƙasa kwanaki kafin ta zo. Tun bayan wadda ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairu 2023, ta hallaka mutum sama da 50,000, bidiyon tsuntsaye suna shawagi cikin dare da na karnuka suna haushi bai daina zagayawa ba. Da zarar ƙasa ta ɗan motsa a wani wuri, sai a sake tono shi.

Ni mai kiwon tattabaru ne, na kuwa san halin tsuntsu daidai gwargwado. A ganina an haɗa abu biyu ne aka cakuɗa. Dabba tana jin girgizar da ta riga ta taso. Amma cewa tana hango wadda ba ta taso ba, wannan har yau babu wanda ya iya tabbatar da shi.

Idan dutse ya tsage a can ƙarƙashin ƙasa, motsin ba ya isowa a lokaci guda. Akwai na gaba mai sauri, yana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa ɗaya, sai dai ba shi da ƙarfi, sau da yawa mutum ba ya ma jinsa. Na bayansa shi ne mai jijjiga gini, kuma tafiyarsa ba ta wuce kilomita 3 da rabi a daƙiƙa ba. Ke nan wanda yake nisan kilomita 100 daga inda abin ya taso, tsakanin isowar na farko da na biyu yana da kusan daƙiƙa 12. Tsuntsu kuwa a ƙafafunsa akwai wasu ƙananan jijiyoyi masu kama ɗan motsin reshe ko sandar da yake tsaye a kai. Ita tattabara ma har da ƙari: a 1979 masana a jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna tana jin sauti mai zurfin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa. Saboda haka wanda ya ce akunsa ko kanarinsa ya yi ta fuffuka a keji kafin gado ya fara rawa, ban ƙaryata shi ba. Daƙiƙoƙi ne dai, ba kwanaki ba.

Masu cewa kwanaki ne, hujjarsu mafi girma ita ce Haicheng ta ƙasar Sin. A can an ga macizai sun fito daga ramukansu da tsakiyar hunturu suna daskarewa a kan hanya, hukuma ta umarci jama'a su fita daga gidaje, kuma ranar 4 ga Fabrairu 1975 girgiza mai ƙarfin maki 7.3 ta afka wa garin. An tsirar da rayuka masu yawa, babu musu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin babbar ta zo, ƙananan girgiza sun yi ta jerowa, na'urori suna ɗauka, mutane ma suna ji da jikinsu. Su ne suka fi tayar wa hukuma hankali. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 28 ga Yuli 1976, girgiza ta afka wa Tangshan a ƙasar dai, ba a yi wa kowa gargaɗi ba, kuma ƙididdigar gwamnati ta ce mutum kusan 242,000 suka mutu. Shin babu macizai da karnuka ne a Tangshan?

Akwai kuma labarin kwaɗin Italiya. Wata masaniya mai suna Rachel Grant tana nazarin kwaɗi a wani tafki mai nisan kilomita 74 daga garin L'Aquila, sai ta ga kusan duk mazan sun ɓace kwana biyar kafin girgizar da ta afka wa garin ranar 6 ga Afrilu 2009. Wannan ya fi sauran daraja a wurina, domin tana ƙirga su tun kafin abin ya faru, ba tuna baya ta yi ba. To amma tafki ɗaya ne, girgiza ɗaya. Haka ma Martin Wikelski na cibiyar Max Planck ta Jamus ya ɗaura wa shanu 6, tumaki 5 da karnuka 2 na'urar auna motsi a wata gona a Italiya, ya ce sukan rasa natsuwa har awa 20 kafin girgiza. Dabbobi 13 ke nan a gona ɗaya, kuma wasu masanan ba su gamsu da lissafinsa ba. A 2018 Heiko Woith da abokan aikinsa masana a Potsdam ta Jamus sun tattara rahotanni sama da 700 kan girgiza 160, suka tarar yawancinsu labarin gani sau ɗaya ne, kuma lokacin da ake cewa dabbobi sun rikice yakan zo daidai da lokacin ƙananan girgizar da ke gabatar babba.

Nan ne nake ganin mai kiwo ya fi mai kallon bidiyo fahimtar zancen. Tattabaru sukan firgita cikin dare ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Muzuru ya gifta, gafiya ta shiga akurki, hasken mota ya haska bango, hadari ya taso daga gabas, duk sai ka ji ɗaki ya kaure da fuffuka. Da safe babu mai rubutawa, babu mai ɗauka a waya. Amma da a ce washegari ƙasa ta girgiza, wallahi da unguwa duka ta ji cewa tattabaruna sun faɗa tun jiya. Faɗuwa ce kawai ta zo daidai da zama. Kuma a garin da ke da dubban karnuka, wane dare ne ba a samun mai haushi?

Ba don ƙasarmu ta tsira daga abin nake wannan magana ba. Mutanen Kwoi a jihar Kaduna sun ji ƙasa ta motsa a Satumbar 2016, na Mpape a Abuja sun ji a Satumbar 2018, kuma a 1939 girgiza ta kashe mutane a Accra. Abin da ke damuna shi ne saƙon da za a wayi gari an tura cewa tsuntsaye sun tashi a gari kaza, kowa ya gudu, a tattake yara da tsofaffi a banza. Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da gaske, irin su Japan da Meziko, na'urori suka shuka a ƙasa masu kama wancan motsi na farko, su aika gargaɗi ta rediyo, talabijin da waya cikin daƙiƙoƙi. Abin da tattabara ke ji shi na'urar ke ji, sai dai ita muzuru ba ya firgita ta.

Muna da cibiyar da aka ɗora wa aikin lura da girgizar ƙasa a Toro, jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA. Roƙona, ranka ya daɗe, ku tura wakilinku can ya tambayo mana tashoshin auna girgiza nawa ne ke aiki a faɗin Najeriya yanzu, da kuma ta wace hanya gargaɗi zai iso ga mutumin Mpape idan sun ga wani abu.

Na gode.

Naku mai karatu,
wani mai kiwon tattabaru daga Zariya