Na yi wa katin girafik obakulok, ribar ba ta taka kara ta karya ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana masu buga gem a kwamfuta, musamman waɗanda suka faɗa harkar obakulok, wato tilasta wa katin girafik, na'urar da ke zana hotunan gem a allo, yayi gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Koke ɗaya nake ta ji kuma ni ma na yi shi: mutum ya raba dare yana jan maɓallai a MSI Afterburner, manhajar da ake yin obakulok da ita, fanka na ta ihu kamar jirgi zai tashi, ya buɗe gem yaga firem, wato hotunan da kati ke fitarwa a sakan, 2 ko 3 kawai suka ƙaru, sai ya fara zargin ko an sayar masa da kati mara kyau. Yawanci katin lafiyarsa ƙalau.

Mu fara da lissafi tunda shi baya ƙarya. Kati na gudu a 1900 MHz, ka ƙara masa 100, kashi 5 cikin 100 kenan da ɗan ɗoriya. To in da kana samun firem 60 a sakan, iyakar abin da zaka samu 63 ne, shi ma sai in komai ya tafi daidai. Wane ido ne zai bambance 60 da 63? Ni dai nawa baya iyawa.

Abin da da yawanmu bamu sani ba shine katunan yanzu su suke yi wa kansu obakulok. Tun 2012 da Nvidia, kamfanin katunan girafik, ta fito da tsarin GPU Boost a kan katin GTX 680, kati na duba zafinsa da wutar da yake ja sai ya ɗaga gudu da kansa iya inda ya samu sarari. Nawa RTX 3080 ne, a takarda an rubuta 1710 MHz amma tun ranar da na saka shi, ban taɓa komai ba, nake ganinsa a wajen 1900 cikin gem. Kaga kenan naman an riga an cinye, romo ne ya rage mana muke ta faɗa a kai. Labaran da ake bayarwa na zamanin da mutum zai samu ƙari mai tsoka gaskiya ne, amma na katunan da ne waɗanda ake barinsu a gudu ɗaya ƙiƙam.

Duk da haka akwai lokacin da ko wannan kashi 5 ɗin baya zuwa, nan ne ya kamata a tsaya a bincika. Ni shawarata kafin ka sake taɓa wani maɓalli ka sauke GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka shiga wajen da yake nuna ma'aunai, akwai wani layi da ake kira PerfCap Reason, shi zai gaya maka abin da ya riƙe katin. In kaga Pwr to wuta ce, katin ya kai iyakar wat ɗin da aka yanka masa, nawa 320 ne, kuma da zarar ya kai sai ya sauke gudu komai yawan lambar da ka rubuta. Mutane na ƙara gudu su manta da maɓallin iyakar wuta, alhali shi ya kamata a fara ja. In Thrm ka gani zafi ne. Shi zafi ma tun kafin ya kai digiri 83 ɗin da yawancin katunan Nvidia ke ɗauka a matsayin iyaka yake fara yi maka sata, duk ɗan hawa da yayi sai katin ya rage kamar 15 MHz shiru ba sallama, shi yasa zakaga minti biyun farko lambobi sun yi kyau, bayan rabin awa an koma gidan jiya. Wani lokacin goge ƙura da gyara yadda iska ke shiga akwatin ya fi duk wani obakulok amfani.

Wanda ya fi ba ni wahala kuwa memori ne, wato ma'ajiyar bayanai da ke kan katin, bari in ɗan tsaya a kai dan inaga nan mutane suka fi yaudaruwa. A da in ka wuce gona da iri a gudun memori zakaga alama ƙiri-ƙiri, ɗige-ɗige masu launi a allo, ko gem ya rufe kansa, sai ka san ka yi yawa ka ja baya. Amma memorin GDDR6X da ke kan 3080 yana da dabarar gano kuskure, in saƙo ya lalace a hanya sai ya sake aikawa. Ma'ana ba zakaga komai a allo ba, ba ɗigo ba tsayawa, amma a ciki katin na ta maimaita aiki. Ni na dinga ƙarawa ina murna wai na dace da kati mai ƙarfin hali, na kai har ƙarin 1200 MHz babu abin da ya faru, sai da na zauna na yi gwajin Time Spy na 3DMark, wanda ke ba kati maki gwargwadon ƙarfinsa, mataki-mataki ina rubutawa a bayan wata takarda, 400, 600, 800, 1000, sannan na ga makin da nake samu ya hau ya hau ya tsaya a wajen 800, daga nan ya fara gangarowa. Wato sati guda ina buga gem da kati mai gudu ƙasa da yadda zai iya, ina kuma alfahari da babbar lamba. Wallahi da na gane dariya kawai na yi. Sannan shi wannan memorin yana da nasa zafin daban da na injin katin, manhajar HWiNFO na nuna shi, in ya doshi digiri 110 katin zai rage gudu ko da injin na sanyi.

Wani lokacin kuma katin ma ba shine matsalar ba sam. Ƙanena ya kira ni ranar nan yana ta mita wai ya yi obakulok firem ɗinsa ko motsi basu yi ba, 60 cif kafin da bayan. Nace masa Auta, lambar da ke tsayawa cif haka ai ɗaure ta aka yi, duba V-Sync. Ai kuwa a kunne yake, shi kuma V-Sync yana ɗaure firem ne da gudun monita, monitarsa kuma mai 60 Hz ce. Muka kashe, firem suka tashi, amma har yanzu obakulok ɗin bai nuna wani bambanci ba, sai na sa ya kunna lambobin manhajar RivaTuner da ke fitowa a kusurwar allo, muka ga katin na aiki kashi 70 da wani abu ne kawai. Kati in shine ke ɗauke da nauyin zaka ganshi a 97 zuwa 99. Nasa zaune yake yana jiran furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta miƙo masa aiki, to ka ƙara wa mai jira gudu me zai yi da shi? Hakan ya fi faruwa a rezolushan (yawan ɗigogin hoton allo) na 1080p da gem ɗin harbe-harbe na gasa masu neman firem da yawa. Hanyar ganewa mai sauƙi, ka rage rezolushan sosai, in firem basu ƙaru ba to ka ƙyale katin ya huta. Da muka leƙa BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, sai muka tarar ram ɗinsa, wato memorin ita kanta kwamfutar, mai gudun 3200 yana tafiya a 2133 saboda bai taɓa kunna XMP ba, saitin da ke sa ram yayi gudun da aka rubuta masa, wannan kaɗai ya ba shi abin da kwana uku na jan maɓalli basu ba shi ba. Yace Yaya ai da ka faɗa tun farko, nace ai baka tambaya ba sai da ka gaji.

Sai batun awo. Dan Allah a daina gwadawa da ido, ko a tsaya a wuri ɗaya a gem yau gobe a wani wurin sannan ace an kwatanta. Gwaji ɗaya, saiti ɗaya, a maimaita sau uku bayan katin ya ɗauki zafi, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Tsakanin gwaji da gwaji ma ana samun ɗan bambanci ko ba a taɓa komai ba, wanda ke nufin wani "ƙarin" da muke murna da shi iska ce kawai.

Ni yanzu na ma juya akalar. Na danna Ctrl da F a Afterburner, na daidaita layin gudu da boltej (ƙarfin wutar da kati ke ja) yadda katin zai tsaya a wajen 1900 MHz da boltej 0.9 maimakon sama da 1 da yake ja da kansa. Firem kusan ɗaya ne da na lokacin obakulok, amma gudun baya hawa da sauka, zafi ya ragu, fankar ma na daina jin ta sai in na kasa kunne. Kowane kati da halinsa, wani zai ɗauki ƙasa da haka wani ba zai ɗauka ba, in gem ya rufe kansa sai ka ɗan ƙara boltej ɗin ka sake gwadawa. Memorin kuma na barshi a 700, ƙasa kaɗan da inda takardata ta nuna ya fara gajiya.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu